Aksil mai ABS da marar ABS: wanne za ka ɗaura wa motar jeji?

Ɗan'uwanmu da ya yi tambaya ya ce aksil ɗin baya na Hilux ɗinsa ya lanƙwashe, ya je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano an nuna masa guda biyu, ɗaya mai ABS (tsarin da ke hana taya ƙamewa in an taka birki) ɗaya babu, kuma marar ABS ɗin ya fi araha. Yana son sanin bambancinsu, da wanda ya fi dacewa da hanyar rairayi da burji.

Malam, ta fuskar ƙarfi yawanci babu wanda ya fi wani. Idan na ƙirar mota ɗaya ne, ƙarfen ɗaya ne. Abin da mai ABS ya ƙara shi ne wani zobe mai haƙora da ke juyawa tare da ƙafa, kusa da boris, da ramin da sensa ke zama tana ƙirga haƙoran. Da haka kwamfutar mota ke sanin gudun kowace taya. In ka taka birki ta ga wata taya na shirin ƙamewa, sai ta riƙa sassauta mata tana sake matsawa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan ne karkarwar da kake ji a ƙafarka. A wasu tsofaffin motocin Amurka sensa ɗaya ce tak a kan tulun aksil ɗin, wato ƙullutun tsakiya da giya ke ciki. Marar ABS ba shi da zoben, sau da yawa ko ramin babu.

A kan kwalta, musamman in an yi ruwa, ABS ya yi gaba nesa ba kusa ba, domin tayar da ta ƙame ba ta jin sitiyari. Don haka aka ƙirƙiro shi, Bosch da Mercedes kuma suka fito da nasu a 1978. A jeji kuwa labarin ya bambanta. Tayar da ta ƙame a cikin rairayi ko tsakuwa tana tara ƙasa a gabanta, tarin nan shi ke tare ta. ABS ba ya barin ta ƙame, sai ka ga mota tana ta gangarawa alhali ka danne birki har ƙasa. Gwajin da hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta yi a 1999 ya nuna cewa a kan sakakkiyar tsakuwa ABS ya ƙara tazarar tsayawa da kusan kashi 27 cikin ɗari. Toyota ma ta san da haka: a Land Cruiser 80, da zarar ka kulle difarenshal na tsakiya, wato giyar da ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya, ABS yake kashe kansa.

Amma kada wannan ya ruɗe ka. Motarka ce ke zaɓar aksil, ba hanyar ƙauyenku ba. In ta zo da ABS ka ɗaura mata marar sensa, fitilar gargaɗi za ta kama, tsarin ya tsaya gaba ɗaya, har na gaba. A sababbin ƙira abin ya wuce nan, domin kwamfutar ce ke rarraba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya. Tsofaffin Hilux suna da wani bawul da wata sanda ta haɗa shi da aksil ɗin, yana rage wa baya birki in ba kaya. Motar da kwamfuta ta karɓi aikin bawul ɗin, ka kuma makantar da ita, bayanta na iya ƙamewa ya juyo da kai a kwana. Wanda zai ce maka "ai fitila ce kawai, a cire ƙwan" ba shi zai tuƙa ba.

Akasin haka ba shi da wahala: mai ABS a motar da ba ta da shi yana aiki, a toshe ramin sensar kawai saboda ƙura da ruwa, a kuma duba ko akwai wurin ɗaura sandar bawul ɗin.

Abin da ya fi duk wannan haɗari shi ne lissafin giyar da ke cikin tulun, wato sau nawa farfela ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya. In na gaba 4.10 ne na baya 4.56, ranar da ka sa giyar ƙafa huɗu za su yi ta jan juna har wani abu ya karye. Ka sa bakanikenka ya ƙirga haƙoran giyar da na zoben ABS ɗin ya gwada da tsohon aksil ɗinka kafin ka biya, kuma a duba kan wayar sensar ko ya yi daidai da na motarka.