Hattara da masu tallar kwalin haɗa jirgin Victory a farashin banza

'Yan uwa masu sha'awar haɗa ƙananan jiragen ruwa na katako, musamman wanda ya daɗe yana tara kuɗi domin sayen babban kwalinsa na farko, wato kwalin da ke zuwa da yankakken katako da zare da zanen aiki mutum ya haɗa jirgin da kansa, ku dakata kafin ku tura wa kowa ko sisi. Akwai tallace-tallace da ke yawo a Facebook da Instagram ɗauke da hoton ƙaramin samfurin HMS Victory, tsohon jirgin yaƙin Birtaniya, an gama shi tsaf, igwa a jere, igiyoyi a ɗaure, gindin jirgi yana ƙyallin jan ƙarfe. A ƙasan hoton sai a rubuta cewa shago ne zai rufe, an yi ragin kashi 80 cikin 100, kwali kaɗan ya rage. Idan ka shiga shafin sai ka tarar da agogo yana ƙirga mintuna. Wannan damfara ce, kuma jirgin da ke cikin hoton ba nasu ba ne: aikin wani bawan Allah ne da ya ɓata shekaru a kai, suka kwafe hotonsa.

Wanda ya biya, ɗayan uku zai same shi. Ko dai shiru, shafin ya ɓace bayan 'yan makonni ya sake fitowa da wani suna. Ko a aiko masa da wani ɗan tarkace a ambulan, domin kawai lambar bin sawun kaya ta nuna an isar da saƙo, su kuma su riƙe wannan a matsayin hujja idan ya kai ƙara. Ko kuma a aiko da kwali na gaske mai nauyi, cike da katako da zare da ƙarafa, amma jabu ne. Na ukun nan shi ya fi ba ni tsoro, domin mai saye yana buɗewa yana murna.

Abin da mazambatan suka dogara da shi, lokaci ne. Babban jirgi irin Victory ko Vasa ko Cutty Sark ba aikin mako ba ne. Mai yi da yamma bayan an tashi daga aiki yakan kwashe shekara biyu, uku, ko fiye. Watannin farko duka a kan gangar jirgi suke tafiya. PayPal kuwa, wato kamfanin biyan kuɗi ta intanet, wa'adin da yake ba mutum ya shigar da ƙorafi bai wuce kwana 180 daga ranar biya ba, wani lokaci ma bai kai haka ba, katunan banki ma suna da nasu wa'adin. Kafin ka kai matakin da za ka gane cewa igwa ba su cika ba, ko zanen igiyoyi na wani jirgi ne daban, ƙofar dawo da kuɗi ta daɗe da rufewa. Sun san haka sarai.

Hanya mafi sauri ta kama su da ƙarya ita ce lissafi. Victory, jirgin da aka saka a ruwa a 1765, wanda Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya jagoranci yaƙin Tarafalga a cikinsa a 1805, yana nan har yau a Potsmot ta ƙasar Ingila, kuma girmansa sananne ne: idan an haɗa da doguwar sandar da ke miƙe a goshinsa, tsawonsa ya kusa mita 100. Raba wannan da 72, za ka samu kusan mita 1.4. Shi ya sa na kamfanin Caldercraft, wanda aka yi a ma'aunin 1:72, wato an rage girman jirgin gaske sau 72, yake kai milimita 1,385. To idan talla ta ce ma'auni 1:72 ne, a layi na gaba kuma ta ce tsawon jirgi santimita 50, mai tallar bai ma san abin da yake sayarwa ba. Santimita 50 ma'aunin 1:200 ke nan, kuma a wannan ƙanƙanta ba za a taɓa samun kyan da ke cikin hoton ba. Ku duba nauyin kaya ma. Kwalin babban jirgi yana da nauyin kilo da dama. Wanda aka rubuta masa 'yan giram ɗari ba shi ba ne.

Game da jabun, ya kamata a fahimci yadda ake yin sa. Ɓarawon fasaha yana sayen kwali ɗaya na asali, ya kwafi kowane yanki, ya sa injin leza ya yanka a kan katako mai araha. Matsalar ita ce, ramukan da ke jikin ƙashin bayan jirgi an auna su ne daidai da kaurin katakon asali. Da zarar kauri ya sauya ko da rabin milimita ne, haƙarƙarin jirgi ko ya ƙi shiga ko ya riƙa rawa. Haƙarƙari ɗaya ya karkace, duk falankin da aka liƙa a kansa zai bi shi, kuma babu samfefa ko gam da zai gyara jirgin da ya murɗe tun daga tushe. Zanen aikin ma an kwafe shi ne da inji, yakan ragu ko ya ƙaru kaɗan, alhali a kansa ake ɗora sanda a auna kai tsaye. Siraran falankan da ya kamata su lanƙwasu idan an jiƙa su an gasa, sai su riƙa karyewa. Zaren igiya mai gashi-gashi ne, kauri ɗaya ko biyu kacal, a inda jirgin ke buƙatar kauri iri-iri. Idan wani yanki ya karye, kamfanonin asali sukan aiko da madadinsa. Shi kuwa wannan, wa za ka rubuta wa?

Ina roƙon kada wani ya ce ai ko jabu ne ba ruwansa tunda ya samu sauƙi. Wasu daga cikin masu tsara kwalayen nan mutum ɗaya ne da iyalinsa, ya yi shekaru yana bin tsofaffin zanen jiragen da ke ajiye a gidan tarihin jiragen ruwa na Girinic da ke Landan, yana gwadawa yana zubarwa kafin ya fitar da abu ɗaya. Duk kwalin sata da aka saya, guminsa aka ci. Ƙungiyar Nautical Research Guild ta Amurka, ta masu haɗa ƙananan jiragen ruwa, ta daɗe tana yaƙi da wannan, har tana da jerin kamfanonin da ta haramta a cikin harkokinta. Kuma ba ƙasar da kwali ya fito ce abin dubawa ba. Ko'ina akwai masu zana nasu da gaskiya. Tambayar ita ce wa ya zana shi.

Don haka ku nemi sunan kamfani a jikin kwali. Amati da Corel da Mantua na Italiya ne, OcCre da Artesanía Latina na Sifen, Billing Boats na Denmak, Caldercraft da Vanguard Models na Ingila, Model Shipways da BlueJacket na Amurka. Ku shiga shafin kamfanin da kansa ku ga farashin gaske, ku tambaye su ko sun san dillalin. Ku saka hoton tallar a Google Lens, manhajar bincike da hoto, ku ga inda ya fara fitowa. Ku binciki ranar da aka yi wa adireshin shafin rajista. Shagon da ke cewa ya shekara ashirin yana kasuwanci amma adireshinsa bai cika wata biyu ba ya tona asirin kansa. Duk wanda ya ce a biya shi ta hanyar zaɓin tura wa 'yan uwa da abokai kuɗi a PayPal, ko ta katin kyauta, ko kuɗin kirifto, so yake ya raba ku da kariyar mai saye. Ku bar shi nan.

Masu sayar da na hannu ma a yi musu a hankali. Da yawansu mutanen kirki ne da aikin ya fi ƙarfinsu, amma akwai masu rubuta “sabo ne, ba a taɓa ba” alhali an cire littafin umarni ko farantan tagulla. Ya fi muni a jiragen da ake fitarwa kashi-kashi tare da mujalla, inda rashin fitowa ɗaya daga cikin fiye da ɗari zai tsayar da aiki ɗungurungum. Kada a yi cinikin biri a sama. A ce mai kaya ya baje komai a tebur, ya ɗauki hoto da takarda mai ɗauke da kwanan wata a gefe.

Ranar da kwali ya iso, ko daga wa aka saya, kada a fara da gam. A ɗauki bidiyo tun daga yanke salatif. A buɗe jerin kayan da ke cikin littafi a bi shi layi-layi: faranti nawa na katako, falanki nawa na kowane kauri, igwa nawa, zare kala nawa. A kwantar da ƙashin baya a kan gilashi a ga ko ya kwanta lif. A ɗora rula a kan layin ma'auni da ke jikin zane. Aikin yini ɗaya ne, kuma shi kaɗai zai nuna matsala tun ana iya neman haƙƙi. Ni a ganina, wanda bai taɓa lanƙwasa falanki ba ya fara da ƙaramin kwalekwale ko jirgi mai sanda ɗaya daga kamfanin da aka sani, irin Lady Nelson na Amati. Bayan ya gama shi, idonsa zai iya bambance katakon kirki da na banza tun daga hoto.

Wanda ya riga ya biya, ya ɗauki hoton tallar da shafin da rasit yau, kafin a goge su. Ya shigar da ƙorafi a bankinsa ko PayPal cewa abin da ya zo ba shi aka tallata ba. Mazambatan za su iya yi masa tayin mayar da ɗan kaso idan ya janye ƙara, ko su ce ya ƙara haƙuri kaya na hanya. Kada ya janye sai kuɗinsa sun shigo cif. Sannan ya kai rahoton tallar a inda ya gan ta, ya kuma sanar da kamfanin da aka kwafi kayansa tare da hotunan kwalin.