In Our Time na BBC Radio 4: shirin da nake so kowa ya gwada saurara

Jama'a in dai kana jin Turanci kuma kana son tarihi, don Allah ka nemi shirin nan In Our Time. Na BBC Radio 4 ne, Melvyn Bragg ya fara gabatar da shi tun 1998, a 2023 suka cika shiri na 1000, shi kuma ya sanar da ajiye aikin a 2025 bayan ya haura shekara 80 a duniya. Tsofaffin shirye-shiryen suna nan a intanet kyauta, sai dai datar da za ka ƙona wajen saukewa.

Tsarin ba wani ado a ciki. Ana gayyato masana uku, yawanci malaman jami'a da suka ƙarar da rayuwarsu kan batu guda, a zaunar da su wajen minti 45 a tattauna abu ɗaya tak. Babu kiɗa, babu doguwar gaisuwa, a lokacin da Bragg yake gabatarwa, yana cewa sannunku sai kawai ya faɗa cikin magana. Kuma abin da ya fi burge ni ke nan wallahi, mutumin yana yin karatunsa kafin ya shigo, in farfesa ya fara kewaye-kewaye zai tare shi ya ce a'a ba ka amsa tambayata ba, mu koma baya, in kuma biyu daga cikin baƙin suka saɓa ba ya saurin raba su, yana bari kowa ya kawo hujjarsa kai mai sauraro ka auna da kanka.

Ka fara da na Ibn Khaldun. Mutumin da aka haifa a Tunis a 1332, ya yi alƙalanci a Alƙahira, har ya zauna gaba da gaba da Timur, sarkin yaƙin nan na tsakiyar Asiya, a bakin ganuwar Dimashƙa a 1401, ga kuma bayaninsa na asabiyya, yadda haɗin kai ke kafa daula sannan jin daɗi ya cinye jikoki ta rushe. Na sha jin sunansa a bakin malamai amma jin masana suna warware tunaninsa dalla-dalla wani abu ne daban. Akwai na Daular Mali da hajjin Mansa Musa na 1324, akwai na Al-Ghazali, akwai na taron Berlin na 1884 da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ya kira aka tattauna makomar Afirka ba tare da an gayyaci ɗan Afirka ko ɗaya ba. Wannan na ƙarshen sai ka daure, ranka zai ɓaci.

Wani ɗan abu da nake so: a sigar da ake saukewa ta waya, bayan an gama na rediyo suna ƙara wasu mintuna, ya tambaye su me muka manta ba mu faɗa ba? A nan ne malaman ke sakin jiki, wani lokaci maganar da ta fi daɗi a nan take fitowa, can sai ka ji furodusa ya shigo yana tambaya wa zai sha shayi wa zai sha kofi.

Amma fa yana da nasa. Minti 45 ya yi kaɗan ga daular da ta yi ɗaruruwan shekaru, sau da yawa ana zuwa wurin da ya fi muhimmanci sai ka ji ana cewa lokaci ya kusa ƙarewa. Kuma yawancin baƙin daga jami'o'in Birtaniya suke, batutuwan Turai sun rinjayi na Afirka nesa ba kusa ba, wannan yana damuna sosai don muna da masanan da za su iya. Turancin ma ba na wasa ba ne, in bai zauna maka sosai ba ka rage saurin muryar a manhajar, kuma kada ka saurara kana wani aikin, za ka ɓata a hanya.