Faifan 'yan'uwa mata masu haɗa murya na zamanin jaz: wanne za ka saya?

Idan kuɗin faifai ɗaya ne a aljihunka, kada ka wahalar da kanka da zaɓe. Nemi Boswell Sisters, cikin nasu ma waɗanda suka yi wa kamfanin Brunswick daga 1931 zuwa 1935. Su uku ne uwa ɗaya uba ɗaya, Martha da Connie da Vet, a New Orleans ta Amurka suka tashi, kuma Martha ce kan piyano. Muryoyinsu manne suke da juna har kunne ya kasa tantance ta sama da ta ƙasa, don a tsakiyar baiti suke musanya wuri. Sai su ja waƙa a hankali kamar masu gyangyaɗi, kwatsam su ninka gudunta, su dawo da ita ta wata hanya. Makaɗan da ke mara musu baya ba kanwar lasa ba ne: Tommy da Jimmy Dorsey, Eddie Lang a jita, Joe Venuti a goge irin na Turawa. Shahararriyar mawaƙiyar jaz Ella Fitzgerald da bakinta ta ce Connie ta kwaikwaya tana yarinya. Fara da "When I Take My Sugar to Tea" ta 1931. Na kamfanin Decca da suka yi dab da rabuwarsu a 1936 ba laifi, amma wutar ta ragu.

Brox Sisters sun riga su fitowa, sun yi suna a wasannin marubucin waƙa Irving Berlin a New York, sai dai da yawan faifansu an ɗauka kafin makirfo ya shigo a 1925, sautin kamar daga cikin gwangwani. Pickens Sisters na Jojiya, zaƙi ne ba yaji. Andrews Sisters kuwa 'yan baya ne, sai ƙarshen 1937 suka yi tashe, kuma sawun Boswell suka bi.

Sai maganar siffar da za ka saya. Mai son sauraro kawai ya nemi faifan CD na kamfanin Storyville, wanda ya tattara aikinsu kashi biyar. Mai son ya riƙe na asali a hannu, faifan garmaho mai juyi 78 a minti zai nema: faɗin inci 10, waƙa ɗaya a kowane gefe, kimanin minti uku. Shi kuma allurarsa daban ce, mai kauri kusan mil 3 (mil shi ne ɗaya bisa dubun inci). In ka ɗora masa siririyar allurar LP, faifan garmaho mai waƙoƙi da yawa, mai mil 0.7, za ta nutse can ƙasan layi, shuu ya cika waƙar. A tsohon garmaho da ake murɗawa da hannu, allurar ƙarfe gefe ɗaya take yi a jefar, in ba haka ba ta ci faifan.

A nan ne ake cutar mutane. Brunswick na asali na Amurka lambarsa a jerin 6000 ko 7000 take. Waɗanda ke jerin 80000 sake bugu ne na shekarun 1940, suna da daɗin ji, amma kada wani ya karɓi kuɗin na asali a kansu. Sa mai sayarwa ya turo hoton takardar tsakiya kusa-kusa, da hoton layukan cikin haske. Layi mai sheƙi baƙi wul lafiyayye ne, wanda ya yi fari-fari kamar toka allura ta cinye shi. Wasu na goga masa mai ko man takalmi ya yi ƙyalli a hoto, shi ya sa harafin E ko V da suke rubutawa a matsayin daraja bai isa hujja ba. Ka ce a kunna a turo maka sautin. In faifan na hannunka, ɗora shi a kan yatsa ka ƙwanƙwasa gefensa a hankali. Mai lafiya yana amsawa, mai ɓoyayyen tsagu sai ka ji dum.

Tarin CD masu arha ma suna da tasu cutar. Wanda ba shi da kwanan watan ɗauka, ba sunayen makaɗa, ajiye shi. Galibi kwafe aka yi daga wani, aka matse ƙarar faifan da na'ura har muryoyin suka koma kamar ana waƙa cikin ruwa. Duk wanda aka rubuta wa "stereo" ƙarya ce, da layin sauti ɗaya aka ɗauki waɗannan waƙoƙin. Ɗan kas-kas a bayan waƙa alama ce ba a kankare muryar ba.

Faifan 78 kamar tangaran yake fashewa. Ka sharɗanta a cire shi daga jakarsa, a matse shi tsakanin kwalaye masu kauri, a sa a akwati cikin wani akwatin. In ya iso, a tsaye ake ajiye shi nesa da rana, don zafi na lanƙwasa shi. Kada sifirit ya taɓa shi, narkar da shi yake. Ruwa mai ɗan ɗigon sabulun wanke-wanke ya isa, ban da kan takardar tsakiya.