Dattijuwar da ta hana ni sayen fulawa a Ottawa

'Yan uwa na gida, ina gaisuwa. A shekarata ta biyu a Ottawa, babban birnin Kanada, na samu gida mai ɗan fili a gaba, bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Abin da na fara dasawa alobera ce, 'yar uwar kabar giwarmu, don in riƙa buɗe ƙofa ina ganin abu irin na gida. A babban kanti na saye ta a watan Yuni, ba wanda ya ce mini uffan. Dare ɗaya a Oktoba sanyi ya sauka ƙasa da sifili, da safe na tarar ta yi laƙwas kamar dafaffen alayyahu. Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai.

Da Mayu ta zagayo na tafi gidan rainon shuke-shuke a bayan gari. Na ga wata mai kaurin ganye, a naɗe kamar fure, ita ce mafi tsada a teburin, na sa uku a kwando. Wata dattijuwa mai aiki a wurin ta tambaye ni inda zan dasa su. Na ce waje, a ƙasa. Sai ta sa hannu ta fitar da su duka ukun. Ta ce wannan echeveria ce, asalinta Meziko, ta ɗaki ce, a waje ba za ta kai Nuwamba ba. Ta ja ni wani tebur ta miƙo mini wata mai kama da ita, kuɗinta bai kai rabi ba.

Ku dubi wannan lamari. Ciniki ya faɗa, na riga na yarda da farashi, ba ta san ni ba, amma ta rage wa shagonsu kuɗi da hannunta. Ta kuma tsaya ta yi mini bayani. Ganyen alobera cike yake da ruwa, idan ruwan ya daskare sai ya kumbura ya farfasa ganyen daga ciki. Wadda ta ba ni kuwa, sempervivum, 'yar duwatsun Turai ce irin su Alps, ma'anar sunanta da Latin mai rai kullum. Mutanen nan suna kiranta kaza da 'yan tsaki, saboda uwar takan fitar da ƙanana su kewaye ta. Turawan da a kan rufin ɗaki suke shuka ta, har wani babban sarkinsu, Sharlaman, ya sa ta cikin umarnin da ya bayar kan gonakinsa wajen shekara ta 800. Ta haɗa mini da sedum mai bin ƙasa da delosperma biyu, 'yan tuddan Afirka ta Kudu da Lesotho. Ta nuna mini wata mai ƙaya da faffaɗan ganye, opuntia, ta ce a dajin Point Pelee na nan lardin Ontario da kanta take fitowa, kuma da kaka sai ta zubar da ruwan jikinta ta yamushe ta kwanta, kada a ɗauka mutuwa ta yi.

Kowace tukunya da ɗan katinta: suna, yawan ranar da take so, da lambar yankin sanyin da za ta jure. An raba ƙasar nan yanki-yanki a taswira, Ottawa tana lamba 5. Ka duba kati, ka duba lambar garinku, magana ta ƙare.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Ƙasar Ottawa yumɓu ce mai riƙe ruwa, dole na sayi tsakuwa da yashi, a buhun leda, da kuɗi masu zafi. Yashin da ruwan sama ke tara mana a ƙofar gida kyauta! Farashin da ke jiki ba shi za ka biya ba, sai ka zo wurin biya a ɗora haraji kashi 13 cikin 100, kuma babu taya, babu ragi, babu gyara. Ba yaro mai baro, kai za ka kinkima ka sa a mota. Kafin ka soka shebur ma sai ka sanar, ka jira kamar kwana 5 na aiki, a zo a sa alamar inda bututun gas da wayoyin wuta suka bi. Jiran ya dame ni, amma kyauta ne, kuma da na ga layin ruwan ɗorawa, alamar bututun gas, ya ratsa daidai inda na so haƙawa na gode Allah.

Ƙanƙara ta rufe su tun Disamba, a Janairu har digiri 25 ƙasa da sifili muka gani. Da ta narke a Afrilu, sempervivum tana nan, ta yi ja-ja-ja, sedum ma haka. Delosperma biyun nan ne suka ruɓe. Dattijuwar ta ce in adana rasit, akwai lamunin shekara guda. Na tafi da shirin jayayya, kamar yadda muka saba. Ta kalli rasit, ta kalli hoton wurin a wayata, ta ce ba sanyi ne ya kashe su ba, ruwa ne ya kwanta a gindinsu. Ta ce in tayar da tudu, in ƙara tsakuwa, in daina ban ruwa tun daga kaka. Sannan ta ba ni sababbi biyu ba ko sisi. Laifina ne fa, ta faɗa mini, duk da haka ta canja.

Ina tuƙi zuwa gida ina tuna masu fulawar bakin titi a Kano da Abuja. Ka tambayi suna a ce "ta waje ce", ka tambayi ruwa a ce kullum safe da yamma, idan ta mutu a ce hannunka ne ba shi da kyau. Ba su kaɗai nake zargi ba, mu masu saye ba ma tambaya. Muna zuba ruwan burtsatse a kan ciyawar Turawa a watan Afrilu, maƙwabta suna layin jarka, alhali Allah ya ba mu namu masu jure ƙishi. Aguwar da ake shingen gona da ita, kyaranar da ta kewaye ƙauyukan Jos, karan masallaci, tinya, wa ya taɓa sa su a tukunya ya rubuta musu suna? Sarewa muke yi mu ja katangar bulo.

A shagon nan dai, can ɓangaren na ɗaki, na ga kariya. Kariyar nan tamu mai jan fure da ke fitowa a tsakanin duwatsu ba mai kallonta, ga ta a ɗan kasko da katinta, ta fi duk abin da na saya tsada. Na tsaya a gabanta har hawaye ya zo mini. Dattijuwar ta ce wannan kam ba a fitar da ita sai bazara ta kankama, na ce mata na sani, a garinmu take. Tana kan taga yanzu, ba ta yi fure ba tukuna.

Yaya, don Allah ragowar aguwar da ke gefen gonar Baba ta gabas, kada a bari magina su taɓa ta. Ka ɗauko mini hotonta idan ka je.