Odar eBay ko farautar sito: ina mai son tara tsofaffin kwamfutoci zai zuba kuɗinsa?

Wani ƙanenmu da ke karatu a Yelwa, nan Bauchi, ya yi tambaya shekaranjiya, na ga amsoshin da ya samu guntu-guntu ne, wasu ma zolaya ce kawai, wai me zai yi da kwamfutar da ta girme shi. Abin da ya tambaya shi ne: ya ɗan tara kuɗi yana son ya fara ajiye tsofaffin kwamfutoci, ya ga wata mai suna Commodore 64 da wani katin hoto na Voodoo a kasuwar intanet ta eBay, amma duk sanda ya leƙa sai ya tarar farashin ya ƙara gaba. Ya runtse ido ya yi oda yanzu kafin abin ya fi ƙarfinsa, ko ya nemi na gida, irin waɗanda aka jibge a sito na ofisoshi da tsofaffin shagunan buga takardu?

Ƙanena, na haura shekara ashirin ina kwance kwamfuta ina ɗaurawa a garin nan, kuma hanyoyin biyu duk na bi su, kowace ta ci min kuɗi. Bari in jera maka su.

Da farko idonka bai yi maka ƙarya ba, farashin yana hawa. Kamfanin Commodore ya durƙushe tun 1994. Kamfanin 3dfx mai yin Voodoo kuwa, Nvidia ta saye kadarorinsa a ƙarshen shekarar 2000. Sony ta daina yin disket a 2011. Ko Z80, furosesar da ke cikin tsohuwar kwamfutar ZX Spectrum, wadda aka yi ta bugawa tun 1976, Zilog ta sanar da tsayar da ita a 2024. Wato rijiya ce da ba ruwan da ke shiga cikinta, kullum sai ɗiba. Masu ɗibar kuma su ne yaran Amurka da Ingila da Jamus da suka taso da waɗannan na'urori, yanzu sun zama magidanta masu albashi, suna son su sayo ƙuruciyarsu. Zaman kullen korona na 2020 ya ƙara musu yawa, masu bidiyo a YouTube suka ƙara zuga wutar: yau wani ya nuna wani kati, gobe kowa na nemansa.

Wannan hauhawar ta kowa ce. Mu muna da ta biyu a kanta. Kafin Yunin 2023 dala a farashin hukuma tana wajen naira 460, cikin 2024 ta haura 1,500. Saboda haka ko da mai kayan a Landan bai ƙara ko sisi ba, kai a Bauchi an ninka maka sau uku. Sai kuɗin dako, wanda a kan kaya mai nauyi yakan kamo kuɗin kayan ko ya wuce, sai kwastam, sai kuma yawancin masu sayarwar ba sa aikowa Najeriya kai tsaye, dole ka bi ta hannun wani. A ɓangaren gida fa? Mai tsohuwar kwamfutar Pentium III a sito ba ruwansa da dala. Shi wuri ta tare masa. Wanda kake takara da shi a kanta ɗan gwangwan ne da sikelinsa, kuma shi kilo yake biya.

Kada ka raina ɗan gwangwan ɗin nan, don shi ne ainihin dalilin da ya sa nake ganin na gida ya fi gaggawa. Da can ƙarfen akwatin kawai suke so. Yanzu sun waye, fanel daban ake ware shi a buhu, monita mai ƙeya a fasa shi a zare tagullar wuyansa, tsofaffin furosesa masu jikin tangaran irin 486 da Pentium na farko kuwa zinaren ƙafafunsu ake bi. Zinare ya haura dala 2,000 kowane oza a 2020, ya haura 3,000 a 2025, to wa zai bar su? Commodore 64 da ka gani, in ba ka saya bana ba, baɗi tana nan, sai dai ta ƙara tsada, domin an sayar da fiye da miliyan 12 a duniya kuma waɗanda ke riƙe da su lallaɓa su suke yi. Amma kwamfutar da ke cikin sito a Wunti ko Fadaman Mada, ranar da mai shagon ya tashi yin fenti, guduma ce makomarta. Ni da kaina na taɓa tsintar kibod na IBM, irin wanda ake kira Model M, mai nauyin nan da ke ƙara kamar tafireta, a cikin kura ana tura shi wurin awo. Kuɗin da na ba yaron bai kai na faranti biyu na masa ba. Na wanke shi, har yau da shi nake rubutu.

Sai maganar wuta, wadda masu bidiyon can ba za su faɗa maka ba saboda ba damuwarsu ba ce. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Talabijin ɗinmu tsarin PAL ne irin na Ingila, nasu NTSC. In ka yi odar Commodore daga Amurka, ka sayo wa kanka aiki biyu: taransifomar rage wuta, da neman talabijin da zai yarda ya nuna hoton da kala. Ko ta Turai ka samu, akwatin wutarta na asali sananne ne wajen kisa. An cika cikinsa da wani danƙo mai tauri, ba ya gyaruwa, kuma in ya tsufa yakan saki wutar da ta wuce bolt 5 ya ƙone aisi-aisin ciki, wato ƙananan sassan lantarki masu ƙafafu da ke jikin allonta. Duk wanda ya san harkar sabo yake saya, wani kuɗin ke nan. Na gida su ma ba tsira suka yi ba. Da yawansu 'yan Kwatano ne, kuma a bayan fawa-fak ɗinsu akwai wani ɗan jan makunni mai 115 da 230. Na taɓa jona wata ban duba ba, ina ɗoki. Ƙarar da ta yi sai da mai shayin da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo. Bambancin shi ne, wannan asarar da la'asar na maye gurbinta da wani fawa-fak na gwanjo, ita kuwa Commodore in ta ƙone sai ka sake komawa eBay.

A nan ne ma tazarar ta fi faɗi, wajen gyara. Cikin Commodore 64 akwai aisin sauti da ake kira SID, shi ne rabin darajarta, kuma kamfanin ne kaɗai ya yi shi. Akwai wani kuma, PLA, da ya yi suna wajen mutuwa. Ba mai su a Bauchi, ba mai su a Jos, da wuya ka same su ko a Computer Village ta Ikeja. A intanet kuma jabu sun yi yawa, a goge rubutun wani aisin a buga na SID a kai. Sannan ka kula da kalmar da masu sayarwa ke so, wai "ba a gwada ba". Mutumin da ke da wuta awa ashirin da huɗu ya ce bai gwada ba, to ka san cinikin biri a sama kake yi.

Cututtukan na gida kuwa sanannu ne, maganinsu na hannunmu. Madabod ɗin da aka yi tsakanin 1999 da wajen 2007 kafasitocinsu kan kumbura, kai ya tashi kamar burodi, wani har ya yi tsatsa. Duk mai gyaran rediyo ko talabijin da ya iya riƙe dalma zai canza maka su. Batirin agogo CR2032 ne, ana samunsa wurin masu agogo. In ka yi sa'a ka samu 386 ko 486, abu na farko ka duba wani batir mai kamar ƙaramar ganga da aka like a jikin allon, galibi shuɗi ko kore. Yoyo yake yi, ruwansa ya cinye layukan tagulla. Ka cire shi tun kafin ka yi tunanin kunnawa. Yanayinmu ma ya taimaka: bushewar Bauchi ba ta cin ƙarfe kamar danshin Legas. Abin da za ka tarar a ciki ƙurar hunturu ce ta shekara goma sha, da kashin ɓera, wani lokaci zanzaro ya yi gini a jikin fanka. Buroshi da abin hura iska sun isa, sai dai in rufin siton ya yi yoyo da damina, wannan kam ka bar musu kayansu.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi: monita mai ƙeya kada ka buɗe bayansa. Kwalbar tana aiki da wutar da ta haura bolt 20,000, kuma takan riƙe ta bayan an zare daga soket. Kai wa mai gyaran talabijin.

Don kada ka ce na yi son kai, ta waje tana da inda ta yi nasara. Ƙarama ce, kwamfutar duka a cikin kibod take, ka ɗora a tebur ka jona da talabijin. Wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba, ƙaramar inbata ta sola za ta riƙe ta. Pentium 4 da monita mai ƙeya kuwa, monitan kaɗai yakan ci wat 70 zuwa 100, ga zafi, ga cin wuri, kai kuma ɗakin ɗalibi gare ka. Kuma in koyo kake so, na'urar 1982 mai ƙwaƙwalwar kilobayit 64 ta fi sauƙin fahimta daga tushe har ƙarshe. Kana kunnawa za ta ba ka wurin rubuta manhaja da yaren BASIC, ba wani shamaki tsakaninka da ita. Sai dai wannan ɗin kana iya ɗanɗana shi yau da daddare ba ka kashe ko kwabo ba. Akwai manhajar kwaikwayo mai suna VICE da ke mayar da laftof ɗinka Commodore, akwai DOSBox da 86Box na wasanni da manhajojin zamanin DOS da Windows 98, duk kyauta. Ka yi wata guda da su. In sha'awar ta tsaya a nan, ka tsira da kuɗinka.

Katin Voodoo kuwa shawarata ka cire shi daga lissafi a yanzu. Shi kaɗai ba ya komai, sai ka haɗa masa kwamfutar zamaninsa, kuma amfaninsa wasannin da aka rubuta wa tsarin hoto na kamfanin 3dfx mai suna Glide ne, na ƙarshen shekarun 1990. Manyan cikinsu irin Voodoo 5 5500 ɗaruruwan daloli ake magana. Fara samun gidan tukuna. Nemi Pentium II ko III mai furosesa irin ta kaset da ake sokawa a tsaye, musamman allon da ke da cifset ɗin Intel 440BX na 1998 da dogayen baƙaƙen ramukan ISA. Waɗannan su ne Turawan ke wawaso yanzu, kuma irinsu ne aka cika kafe-kafe da makarantun koyon kwamfuta da su a nan farkon shekarun 2000. Ka riƙa leƙa bayansu, wani lokaci za ka ga katin sauti na Sound Blaster a maƙale, mai shi bai ma san yana ciki ba.

Na ji wani ya ce maka jari ne, ka saya ka ajiye zai yi kuɗi. Labarin da ake kafa hujja da shi na Apple-1 ne, kwamfutar farko ta kamfanin Apple, wadda aka sayar dala 666.66 a 1976, gidan tarihi na Henry Ford ya sayi ɗaya dala 905,000 a 2014. Gaskiya ne, amma kusan 200 kacal aka ƙera. Wadda aka yi miliyoyi ba za ta taɓa bin wannan hanyar ba. Kuma ko ta yi tsada a can, wa zai saya a hannunka a kasuwar Muda Lawal? Sai ka sake biyan dako ka mayar da ita inda ta fito.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi damuna. Commodore da Spectrum ƙuruciyar wasu ce. Mu nan ba da su muka buɗe ido ba. Tamu ita ce farar Compaq ko Dell da ta koma ruwan ƙasa, Windows 98 da XP, layin jiran duba sakamakon jarrabawa a kafe, disket a aljihun riga, wasannin Dave da Road Rash in mai shago ya fita salla. Sannan akwai waɗanda aka haɗa a ƙasar nan: Zinox da ta fito a 2001 da alamar naira a kibod ɗinta, da Omatek. Akwai 'yar koriyar laftof ɗin yara ta XO da aka gwada a firamaren Galadima a Abuja a 2007. Commodore tana da dubban masu kula da ita a duniya, da gidajen tarihi. Zinox ta farko fa, in mu ba mu ajiye ba, wa zai ajiye?

Saboda haka ga yadda zan raba kuɗin in ni ne kai. Kaso mafi tsoka ya tafi farautar gida: tsofaffin masu shagon buga takardu, masu gyara irina, da 'yan gwangwan, waɗanda in ka ba ɗaya lambarka ka ce za ka ɗara abin da sikeli ya ba shi, shi zai riƙa kiranka. Kayan ofishin gwamnati ko na makaranta kuwa kada ka karɓa ta bayan gida a hannun masinja ko mai gadi, sai in gwanjo aka yi a hukumance aka ba ka rasit. Dalar da za ka kashe ka kashe ta a kan ƙananan abubuwan da babu su a nan kuma ba su da nauyi: Gotek, wanda ke zama a gurbin disket ya karanta filash, da ɗan allon da ke sa katin CompactFlash ya maye tsohon rumbun ajiya, don waɗancan rumbunan duk a bakin mutuwa suke. Ka ƙara da sitabilaiza mai kyau.

In kuma bayan duk wannan zuciyarka ta nace sai Commodore, to guda ɗaya, daga Ingila ko Jamus, wadda aka nuna hotonta a kunne, kuma ka bari sai wani naka zai dawo ya saƙo ta cikin jaka. Wadda ka fara samu a gida kuwa, ko wace iri ce, kada ka jona ta. Ka ɗauko ta a Keke ranar Asabar bayan azahar mu buɗe ta tare, mu duba ɗan jan makunnin nan tukuna.