Zoben azurfa, warwaron ƙarfe da sarƙa mai ruwan zinare: abin da na gani bayan wata 14

Wata 14 ke nan da na sayi kayan ado na maza iri huɗu a lokaci ɗaya daga wani shago da ke ciniki ta intanet, kuma da gangan na jinkirta wannan sharhi, domin duk abin da aka ƙera da ƙarfe yana da kyau ranar da aka fito da shi daga kwali, sai gumi da sabulu da rana sun ratsa shi ake sanin halinsa. Kayan su ne zoben azurfa mai baƙin dutse, da warwaro na ƙarfe marar tsatsa, da siririyar sarƙar wuya mai ruwan zinare, da maɓallan hannun riga. Kafin wannan sayayya agogo kaɗai nake ɗaurawa, saboda haka na shige ta da idon baƙo, ina kallon hoto fiye da bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsa, kuma daga nan ne yawancin kurakuraina suka samo asali.

Zoben ne ya fi ba ni wahala da farko, shi ne kuma ya fi gamsar da ni daga baya. Na auna yatsana da zare da sassafe cikin sanyi, na shimfiɗa zaren a kan rula na sami kusan milimita 60, sai na duba jadawalin shagon na zaɓi lamba 9. A nan ma akwai inda ƙafa ke zamewa, domin ma'aunin zobe ba ɗaya ba ne a duniya: Amurka na amfani da lambobi, Ingila na amfani da haruffa, yawancin ƙasashen Turai kuwa kewayen cikin zoben suke ƙidayawa da milimita. Da zoben ya iso ya shiga lafiya lau da safe, amma kafin yamma ya kafe a bayan gaɓa, fatar da ke kewaye da shi ta tasa, sai da na shafa sabulu na yi ta murzawa sannan ya fita. Abu biyu ne ban sani ba a lokacin. Yatsa yana ɗan kumbura da zafi da kuma ƙarshen yini, sannan zobe mai faɗi, irin nawa da ya kai milimita 8, yana kama yatsa fiye da siriri ko da lambarsu ɗaya ce.

Na rubuta wa shagon ina neman canji, aka yi mako biyu ba amsa, daga ƙarshe aka ce ba a karɓar zoben da aka riga aka sa. Wannan ne babban abin da nake riƙe da shi a kansu, domin babu yadda mutum zai san zobe ya yi masa daidai ba tare da ya sa shi ba. Sai na kai shi wurin wani dattijon maƙerin azurfa. Ya juya shi a tafin hannunsa, ya dubi yatsana, ya ce: "Malam, ai da yamma ake auna yatsa, kuma gaɓa ake aunawa tare da gindin." Ya cire dutsen don kada wuta ta taɓa shi, ya yanke zoben ta ƙasa, ya ƙara guntuwar azurfa, ya haɗe, ya goge, har yau in ba na ɗaga shi a haske na ƙura ido ba, ba na ganin mahaɗin. A wurin ne na gode da ban sayi zoben tangistin da na fara sha'awa ba, wato wani ƙarfe mai tsananin tauri, domin taurinsa ya sa ba a iya buɗa shi ko tsuke shi, in ya matse sai dai a fasa shi.

A cikin zoben an buga lambar 925, wadda ma'anarta ita ce kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, sauran kashi 7.5 kuma yawanci jan ƙarfe ne, saboda zallar azurfa ta yi laushin da ba za ta jure amfanin kullum ba. Sai dai lambar ita kaɗai ba hujja ba ce, tunda duk mai ƙarfen bugawa yana iya buga ta a kan tagulla. A Birtaniya, inda dokar tantance azurfa ta faro tun shekarar 1300, akwai ofisoshin gwaji huɗu, a Landan da Bamingham da Shefild da Edinbara, waɗanda ke buga nasu hatimin bayan sun gwada ƙarfen, amma nawa zoben ba shi da irin wannan shaida. Na gwada shi da maganaɗisu bai kama ba, sai dai tagulla ma ba ta kamawa, saboda haka wannan gwaji bai kore shakka ba. Yankan da maƙerin ya yi ne ya kwantar mini da hankali, domin na ga cikin ƙarfen fari fat daga gefe zuwa gefe.

Bayan kusan mako shida zoben ya fara duhu, musamman a cikin zanen da ke gefen dutsen, har na ɗauka an cuce ni. Ashe halin azurfa ke nan: tana haɗuwa da sinadarin farar wuta da ke cikin iska da gumi, sai wani baƙin shafi ya hau samanta, wanda ba ya cin ƙarfen yadda tsatsa ke yi, kuma ƙyallen goge azurfa yana ɗauke shi cikin minti biyu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne sawa kullum ta fi ajiya kiyaye haskensa. Na taɓa barinsa mako uku a aljihun tebur kusa da robar ɗaure takardu, wadda ita ma akwai farar wuta a cikinta, na same shi ya koma kalar toka. Akwai dabarar da ake yi da takardar alminiyam da bekin soda da ruwan zafi, wadda ke janye baƙin ba tare da gurza ba, amma ban yi wa wannan zobe ita ba, domin ruwan zafi yana iya sassauta dutsen da aka liƙa da gam, kuma zai wanke duhun cikin zanen, alhali duhun nan ne ke fito da zanen fili.

Ta fuskar karcewa kuwa, sai mai saye ya haƙura. A ma'aunin tauri na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, azurfa tana tsakanin 2.5 da 3, dutsen onis da ke kan zoben kuma yana tsakanin 6.5 da 7. Makullai da hannun ƙofa sun bar wa azurfar ƙananan zane ta ko'ina, ƙyallin madubin da ta zo da shi ya koma haske mai sanyi, dutsen kuwa yana nan sumul kamar jiya aka sa shi. Ni dai yanzu ya fi yi mini kyau, domin ya daina ihu a hannu, ya zauna kamar abin da mutum ya daɗe da shi.

Warwaron ba shi da dogon labari, wannan kuwa yabo ne. Ƙarfensa nau'in da ake kira 316L ne, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam kashi 16 zuwa 18, wanda ke samar da wani siririn shafi da ke hana tsatsa, kuma na yi wanka da shi, na yi gumi da shi, bai sauya ko kaɗan ba. Aibinsa biyu ne: mahaɗan gaɓoɓinsa suna tsinke gashin hannu, kuma a makon farko da na haɗa shi da agogo a hannu ɗaya ya kwarzane gefen agogon, sai na mai da shi ɗaya hannun.

Sarƙar ce ta zama kyan ɗan maciji. An rubuta mata "18K", ni kuma na ɗauka wannan alamar inganci ce, alhali lambar tana faɗin tsabtar zinaren da aka shafa ne kawai, wato kashi 75 cikin ɗari, ba ta faɗin kaurin shafin ko irin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Da maikiron ake auna kaurin, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma a ƙa'idar Amurka sai shafin ya kai maikiron 2.5 a kan azurfa kafin a kira abu vermeil, wato sunan da ake ba azurfa mai ruwan zinare mai kauri. Shagon bai ambaci kauri ba, ni ma ban tambaya ba. A wata na uku ruwan ya fara ɓarewa a ƙeya da wajen maɗauri, inda gogayya ta fi yawa, sai wani koren layi ya bayyana a cikin wuyan farar rigata, alamar jan ƙarfe ya haɗu da gumi. Bayan haka ƙaiƙayi ya biyo baya, da ƙananan jajayen ƙuraje da suka bi sawun sarƙar daidai kamar an zana su da alƙalami. Likitan da ya duba ni ya ce da alama jikina ba ya son nikel, ƙarfen da masu shafi kan sa a ƙarƙashin ruwan zinare, ya ce in cire ta, kuma cikin kwana goma fatar ta koma daidai. Tun 1994 Tarayyar Turai ta iyakance nikel ɗin da kayan da ke daɗewa a jikin fata za su iya saki zuwa maikirogiram 0.5, wato rabin kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a kowane murabba'in santimita a mako, amma bayanin sarƙar bai ce komai a kan wannan ba. Warwaron ma akwai nikel a cikinsa, kashi 10 zuwa 14, sai dai a ɗaure yake cikin ƙarfen, kaɗan ne ƙwarai ke fita, shi ya sa bai taɓa damuna ba. Dole in amsa nawa laifin, domin na riƙa fesa turare a kan sarƙar tana wuyana, wanda ya ƙara saurin cinye shafin, amma ko ba don haka ba araha ba ta ado.

Maɓallan hannun rigar suna da kyau, sai dai riguna biyu kawai nake da su masu hannun da ke karɓarsu, kuma sau uku na sa su.

Game da yadda ake haɗa su a jiki, ranar farko na zuba duka huɗun tare da agogo na fita aiki, wani abokin aikina ya dube ni sama da ƙasa ya tambaye ni ko walima za ni. Da na tsaya gaban madubi na ga abin da ya gani: rawayar sarƙa tana faɗa da farin zobe da farin warwaro da farin agogo, ido bai san inda zai sauka ba. Yatsuna sirara ne, saboda haka zobe ɗaya mai faɗi ya ishi hannu ɗaya, kuma na dawo da shi hannun hagu tare da agogo bayan na lura cewa a dama yana danne yatsun mutane lokacin gaisawa, ni ma yana danne nawa. Ina cire shi in zan ɗaga nauyi ko in hau tsani, domin zoben da ya maƙale a wani abu yana iya yi wa yatsa mummunan rauni, haka kuma ina cire shi da warwaron kafin in taɓa batirin mota, tunda babu ƙarfen da ya kai azurfa saurin ɗaukar lantarki.

Zan sake sayen zobe irin wannan, amma daga wanda zai auna yatsana da zoben gwaji mai faɗi ɗaya da wanda zan saya, kuma ya yarda da canji. Warwaron yana hannun dama yawancin ranaku. Sarƙar tana cikin kwalinta a aljihun tebur, kuma da na buɗe shi jiya don rubuta wannan sharhi na tarar maɗaurinta ya koma kalar tsohon kwabo, har ya bar tabo a kan farar audugar da aka shimfiɗa mata.