Labarin Riace, ƙauyen da nake zaune a kudancin Italiya

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya da iyali, ka ce in ba ka labarin inda nake, tunda samarin gida suna ta tambayarka. To ga shi, kuma a karanta wa duk mai son ji.

Garin sunansa Riace, a yankin Kalabriya, can ƙarshen kudu. Mutanensa ba su fi dubu biyu ba. Kashi biyu ne: tsohon gari a kan tudu, da sabon gari a bakin teku inda titin mota da layin dogo suka ratsa. Abin da ya fito da sunansa duniya shi ne wasu gumakan tagulla guda biyu na Girkawan dā, kowanne tsawonsa kusan mita 2, da wani mai ninƙaya ya gano a ƙarƙashin teku a watan Agusta na 1972. An ƙera su ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sai dai ba su nan; suna gidan tarihi a birnin Reggio Calabria, masu yawon buɗe ido da kuɗinsu can suke zuwa. Abin kallon da ya rage mana shi ne tsofaffin lunguna na dutse, da teku, da cocin Cosma da Damiano inda ake babban biki a ƙarshen Satumba.

A 1998 wani jirgin ruwa ya kawo Kurdawa 'yan gudun hijira bakin gaɓar nan. Wani ɗan gari, Domenico Lucano, ya nemi izinin masu gidajen da suka yi ƙaura aka buɗe wa baƙi. Ya zama magajin gari a 2004, makarantar da ta kusa rufewa ta sake samun yara. A 2018 gwamnati ta dakatar da shirin, aka kai shi kotu, baƙi da yawa suka watse.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsarin mulkin. Wannan ƙaramin ƙauye ƙaramar hukuma ce mai cin gashin kanta. Italiya tana da irinsu kusan 7,900, mu kuwa a Najeriya da yawanmu 774 ne kacal. Jama'a ke zaɓen magajin gari da kansiloli goma duk shekara biyar. Ofishinsu da ƙafa ake zuwa. Nan ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa, nan ake karɓar katin shaida, kuma duk shawarar da majalisa ta yanke dole a manna ta a allon sanarwa, a sa ta a intanet. Magajin gari yana sayen burodi inda kowa ke saye. In fitilar titi ta mutu, tsohuwa za ta tare shi a hanya ta faɗa masa ido da ido. Ka tuna shekarun da tuƙa-tuƙar unguwarmu ta yi a lalace, ciyaman yana birni, kansila ba ya ɗaga waya, dagaci kuma ba shi da ko sisi a hannu? Wallahi duk lokacin da na buɗe famfo sai wannan ya faɗo mini.

Shara kowace da ranarta: ta abinci daban, kwalba daban, roba da takarda daban. Akwai lokacin da jakuna ke kwasarta saboda mota ba ta shiga lungu. Ba kyauta ba ce, akwai harajinta. Wuta ba a ɗaukewa, amma takardar kuɗinta tana sa mutum gumi, kuma in ka haɗa dutsen guga da hita da tukunyar lantarki sai mita ta yanke. Mai takardar zama yana da likitansa da zai gani ba tare da biya ba, sai dai in gwaji ne babba, jira kan kai watanni.

A fannin kasuwa kam mun fi su nesa ba kusa ba. Shaguna kaɗan ne, suna rufewa da azahar sai wajen la'asar. Babu mai shayi, babu mai tsire, babu ɗan acaɓa. In motar haya ta wuce ka, ka zauna. Gero da dawa babu su, da garin alkama muke tuƙa tuwo. Naman halal sai an je babban gari. Man zaitun da lemo da tumatir suna da kyau da araha, kuma mutanen Kalabriya suna cin barkono kamar mu. A kula da wani jan abu mai yaji da suke shafa wa burodi, 'nduja, naman alade ne.

Ga samarin da ke shirin tahowa, a faɗa musu gaskiya: aiki babu. 'Ya'yan garin da kansu sun tafi Milan da Jamus, wasu kakanninsu tun tuni suna Ajantina da Ostareliya. Abin da ake samu shi ne tsinkar zaitun da lemo da hunturu, sai wanke-wanke a otal lokacin zafi, kuma marar takarda shi ake fi cuta a lada.

Roƙona, Yaya, tunda Kotun Ƙoli ta ce a 2024 a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ku tara dattawa da ƙungiyar matasa ku nemi kansila ya zo ƙofar dagaci ya karanta muku nawa ya shigo da inda ya tafi. Ni zan ɗauki nauyin kuɗin mota da na takardu. A gaishe mini da Inna, a ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.